Maiwar Baturiya

Ƙofa, 12 ga Afrilu

Zuwa ga autata Bushra,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da littattafanki da malaman da Allah ya jarrabe su da ke. Yaya zafin Zariya, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki daina zama da yunwa.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya a aljihun kowa. Ki yi haƙuri da hannun, aji huɗu na yi a firamare, shi ma na huɗun rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Sau uku kina tambayata abu ɗaya a waya, sau uku ina ce miki sabis ya ɗauke. Sabis bai ɗauke ba. Bakina ne, da ya hango gaskiya tafe sai ya ruga wurin wasa. Biro kuwa bai iya dariya ba.

Kin ce in ajiye miki zangarniya biyu daga irin maiwar Inna, ki kai wa malaminku na aikin gona, wai bai taɓa ganin mai gashi irin wadda kika kwatanta masa ba. Kin san damin, wanda yake rataye a saman murhu a ɗakinta, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin don kada ƙwari su taɓa. Kowace kaka, kafin a sa lauje, sai Inna, takwarar taki, ta shiga gayaunarta da tsumma a hannu, tana bin kara ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaure waɗanda suka yi mata. Ni kuwa ina kan kunya ina yi mata kirari, Ministar Gona, Baturiya mai duba gero kamar za ta aurar da shi. Ba ta ko ɗago kai. Sai dai ta ce wanda ya ci iri ya ci gobensa.

Ke kin koma washegarin jana'izar Inna saboda jarrabawa. Ranar sadakar uku mata suka ce ba a yin ta sai da gumba, gumba kuwa sai da gero. Na leƙa rumbu, masara ce zalla, don ubanki ya waye, shekara goma rabonsa da shuka gero. Aka ce a aika kasuwa. Nan girman kai ya taso mini, na ce uwata da ta ciyar da rabin unguwa ba za a yi sadakarta da geron awo ba. Na shiga ɗakinta, na taka turmi, na yanke igiyar. Mamanki ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta. Aka sussuka, aka surfa, aka daka.

Wallahi gumba ta yi daɗi. Har liman ya ƙara. Sai da aka miƙa wa Iya Turai ta gidan maƙwabta, wadda haƙori biyu ya rage mata, ta sa a baki, sai ta daina motsa baki. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta ajiye sauran a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska. A lokacin na gane abin da na yi.

To kin ji inda maiwar take. Mun cinye ta, kuma ni na fi kowa ci.

Kada ki yi fushi tukuna. Iya Turai ta ce akwai inda za a nema. Ina da sauran lokaci kafin ruwa ya sauka.

Ni ne mahaifinki,
Hamidu

Ƙofa, 3 ga Mayu

Zuwa ga Bushra,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Idris direba ya kawo mini amsarki. Layi huɗu ce, babu zagi ko ɗaya a ciki, shi ya sa ta fi zafi. Da kin zage ni da na samu abin ba mutane dariya.

Ga abin da Iya Turai ta gaya mini, wanda ni ɗan cikin Baturiya ban sani ba sai ina da furfura. Su uku ne ƙawaye, Inna da Dije da Asibi, ƙauye ɗaya, shekara ɗaya aka kai su ɗakunan mazansu. Kakar Inna ta ƙulla wa kowacce irin maiwar nan a bakin zane. Suka yi alkawari iri ba zai zauna a hannu ɗaya ba: wadda tata ta mutu, ta taka ta je wurin 'yar'uwarta, ba saye, ba godiya. Ashe tafiye-tafiyen da Inna take yi da rani, ina tsokanarta da cewa ta tafi rangadi, abin da take kaiwa ke nan.

Ran Talata na hau ɗan acaɓa zuwa Ƙafin Maiyaki. Na sa babbar riga don a ga mutum, iska ta cika ta na zama kamar tantin biki. Na samu Dije a raye. Tana zaune a bakin ɗaki, hannuwanta suna ta motsi a cinya kamar mai tsince tsakuwa a faifai, alhali ba faifan. Jikanta ya ce shekara uku ke nan ba ta gane kowa. Matar da aka ce ita kaɗai take yi wa gona guda huɗa kafin azahar, da goyo a baya, ta dawo ta ɗora tukunyar daddawa.

Da na durƙusa na gaishe ta, sai ta ɗauke ni marigayi babana ne. Ta wanke ni tas, wai na bar Baturiya da ɗaukar dami a ka da tsohon ciki, ni ina gindin tsamiya ina dara. Na karɓi faɗan, na ce na tuba. Ai gadon gida ne.

Na tambayi jikan maiwa. Ya yi dariya irin wadda ni nake yi da, ya ce wa zai tsaya jiran abin da sai bayan ruwa ya ɗauke yake nuna. Rumbunta sun rushe shi sun yi shagon cajin waya. Na ambaci maiwa kusa da kunnenta, ko Allah zai sa. Ta yi murmushi, ta ce a je wurin Baturiya, ita ba ta rabuwa da shi.

A hanyar dawowa ɗan acaɓa ya tambaye ni ko ƙura ce ta shiga mini ido. Na ce masa eh.

Saura Asibi, can wajen Falgore. Ki sa ni a addu'a, ko ba don halina ba.

Mahaifinki,
Hamidu

Ƙofa, 8 ga Yuni

Zuwa ga 'yata, takwarar uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya. Mu nan ruwa ya sauka, kowa yana gona. Na jinkirta rubutu ne don na rasa ta inda zan fara, na cinye murfin biro biyu.

Na je. Mota zuwa Tudun Wada, wata motar zuwa Falgore, sannan babur a hanyar shanu har ƙugu ya daina zama nawa. Asibi ta makance, amma hankalinta ya fi nawa. Tun daga sallama ta ce muryar gidan Baturiya ce. Ta sa aka kawo mini fura da nonon da Fulanin gefensu suka kawo mata, tana ta murna, tana cewa ta san ƙawarta ba za ta manta da ita ba. Ashe bara waccan ruwa ya kwantar da rumbunta, irinta ya ruɓe. Damina biyu tana zaune tana jiran Inna. Ta miƙo tafin hannu biyu, ta ce in zuba mata ta ji shi.

Bushra, babu wanda ya kai mata labarin rasuwar. Wannan ma aikina ne, ban yi ba.

Na gaya mata na farkon. Ta yi salati, hannun nan yana nan a buɗe. Sai na gaya mata na biyun, na gumbar da muka ci. Ni da ko a gidan makoki sai na samu abin da zan sa mutane murmushi, na laluba cikina kaf ban samu komai ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Labari ta ba ni. Ta tambaye ni ko na tuna shekarar yunwa, ina ɗan shekara shida. Na ce na tuna tafasa da dusa, na tuna ƙanena Ubale da ya rasu. Ta ce a shekarar, mazan gidanmu sun nemi a daka iri a yi wa yara kunu. Inna ta ɗauke damin ta cusa a matashin kai, ta ce ɓera ya cinye. Wata huɗu tana kwana a kansa, tana jin kukanmu. Da Ubale ya tafi, ta taka da ƙafa har wurin Asibi, ta ce mata ba ta san ko ita ta kashe shi ba. Da ruwa ya dawo, unguwa duka daga matashin nan aka yi shuka. Ni da nake rubutun nan, da shi na rayu. Asibi ta ce har suka tsufa Inna ba ta taɓa cin gumbar maiwar ba, sai dai ta ba wasu.

Abin da yunwa ba ta sa ta daka ba, ɗanta ya daka da ƙoshi, don kada a ce ya je kasuwa.

Da zan taho ta ce in duba bayan ɗakin Inna, inda take sussukar iri. Ƙasa ba ta mantuwa, wataƙila gyauro ya fito. Na duba. Tsiro uku ne. Sai dai ban sani ba ko maiwa ce ko shibra, wannan ciyawar mai kama da gero, don ba a rarrabe su sai sun fid da kai. Inna da ido ɗaya za ta gane. Na kewaye su da ƙaya, na kawo kujera. Yanzu a gari cewa ake Hamidu ya samu aikin gadin ciyawa. Na ce musu eh, kuma ba fansho.

Mahaifinki,
Hamidu

Ƙofa, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga Bushra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mamanki da Iya Turai suna gaisuwa. Ki karɓi ƙullin da ke hannun Idris kafin ki karanta sauran, kuma kada ki bari ya sa shi kusa da gyaɗarsa.

Cikin tsiro ukun nan, ɗaya akuyarmu ta cinye ranar da na je Juma'a. Ɗaya ta fito shibra. Ta ukun ta ja rai har na fid da tsammani, sai da ruwa ya ɗauke ta fid da kai, da gashinta tsaye, tsuntsu ya zo zai sauka ya fasa. Na tsaya a gabanta na cire hula, ban san dalili ba. Na yago bakin tsohon zanen Inna na ɗaure ta kamar yadda take yi. Ba wanda ya tsaya a kan kunya ya yi mini kirari.

Zangarniya ɗaya ce, rabinta ma ba ƙwaya. Na kai wa Asibi, tunda ita take binmu alkawari. Ta shafa ta daga gindi har kai, ta kai hanci, ta kira sunan uwata na yanka, Halimatu, sau biyu, kamar tana ɗaki na gaba. Sannan ta murje ta a cinya da kanta, ta ƙulla a bakin zanen, ta mayar mini. Ta ce ita ta gama shuka, jikokinta kuma masara suka sani. A cikin su ukun da aka ƙulla wa, ba sauran mai gona. Ta ce a kai wa mai sunan.

Ƙwayoyin ba su cika tafin hannu ba. Ki shuka rabi, ki rataye rabi inda hayaƙi yake. Malaminku ya jira baɗi. Idan ta yi, ki nemi ƙawaye biyu masu riƙon amana ki ƙulla musu, don kada irin ya sake zama a hannu ɗaya.

Igiyar tana nan a saman murhu, inda na yanke ta. Mamanki ta ce a cire, na ce a bari.

Abu ɗaya nake roƙo. Ko na tambaye ki, ko na yi rantsuwa, ko na ba ki dariya har kika faɗi, kada ki ba ni ajiyarsa.

Allah ya jiƙan Inna, ya yi miki albarka.

Ni ne ɗan Baturiya,
Hamidu