Kada Ranar Gandu Ta Bi Mu Sabuwar Fadama

Zuwa ga Mai Girma Dagacin garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya damina, ya jama'a? Ni dai alhamdu lillahi, masarata ta yi kyau, waken suya ma na kai buhuna Funtua na dawo da fara'a. Abu guda ne ya hana ni shiru.

Na farko. Kowa ya san kakana bawa ne a rinjin gidan marigayi Alhaji, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun ina saurayi nake ba gandunsu rana ɗaya kowace damina, kamar yadda na tarar ubana yana yi. Wallahi ban taɓa jin zafin abin ba. Ana dama mana fura, a yi raha, kuma Alhajin nan shi ya ɗauki mahaifiyata a motarsa zuwa asibiti a Malumfashi lokacin da ta kwanta.

Na biyu. Bana da ka raba sabuwar fadamar da ke bayan rafi, kowane gida ya samu. Sai ga saƙo daga 'ya'yan marigayin wai ranar gandu ta haɗa da rabonsu na can, har da sunayen 'ya'yana uku, magidanta masu iyali. Haba! Wannan ƙasa jiya-jiya aka sare dajinta, da gatarina a ciki. Kakan wa ya yi bauta a kanta?

Na uku. Maganar ta raba gari biyu. Wasu na cewa al'ada tana bin gida duk inda gonarsa ta kai, mu muna cewa ta tsaya inda aka same ta. Majalisar ƙofar masallaci ta zama biyu, Juma'ar da ta wuce samari sun kusa ba hammata iska. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka tara dattawan ɓangarorin biyu ka yanke magana kafin huɗa. Tsohon gandu zan ci gaba da zuwa da kaina muddin ina iya ɗaga fartanya, don kunya da zumunci. Amma a fadama, in suna son hannu su kira gayya, mu je musu, su ma su zo mana. In aka kira 'yan rinji, 'ya'yana ba za su amsa ba, ni ma ba zan ce su amsa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya zaunar da garinmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani manomi daga Unguwar Rinji