Sa Hannun Da Ba Zan Yi Miki Ba

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata ta tsakar rana, Daktata tun kafin jami'a ta yarda,

Sallama irin ta mai kewa, da gaisuwar da ta iso a gajiye kamar mai aiko ta. Ya jikin, hasken raina? Umma ta ce kumburin ƙafar ya sauka, amma kin san Umma, ko gida na cin wuta cewa za ta yi da sauƙi.

Daga ɗakin gwaji nake rubuto miki, a kan teburin nan naki mai ɗingishi da muka tokare da kwali. Na shayar da wakenki da safe, layi na uku kuwa na bar shi da ƙishirwarsa kamar yadda kika tsara. Kin tuna ranar da kika fara nuna min su? Kika ɗora wani ganye da ya yi yaushi a kan yatsanki, kika ce akwai iyakar da in shuka ta wuce ta, ko kogi aka juye mata ba za ta farfaɗo ba. Ni kuwa yatsan nake kallo, ba ganyen ba. Shekara uku kina auna ƙishirwar da wake zai iya jurewa, ya ke mai zurfin ilimi, ashe ba ki taɓa auna taki ba!

Na gaji, abar ƙaunata, wallahi na gaji. Na gaji da matakalar ofishin manyan ɗalibai, na gaji da jin "dawo jibi", na gaji da buɗe ƙofar gida in ji babu mai amsa sallama. Amma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne wautar da na yi da hannuna, ina kiran ta soyayya.

Da ciwon ƙodar nan ya kwantar da ke, tsoronki ɗaya ne: kada a ga ba kya zuwa a yanke miki alawus ɗin karatu, alhali da shi ake sayen magani. Ni kuma da nake ma'aikacin ɗakin gwaji, ga makulli a aljihuna, ga rajistar zuwa aiki a kan teburina. Sai na riƙa sa miki hannu kowace safiya, har da 'yar lanƙwasar da kike yi a ƙarshe kamar jelar kyanwa. Mako bakwai cur! Mu biyu da karatunmu, babu wanda ya buɗe littafin dokokin ɗalibai, balle mu ga cewa wanda ciwo ya sa shi ɗaukar hutu ana ci gaba da ba shi tallafinsa har wata shida. Garin neman gira muka rasa ido.

Da muka farga, sai muka shigar da buƙatar hutun jinya tare da takardar asibiti. Shekaranjiya Sakatariyar ofishin manyan ɗalibai ta ajiye takardar a damanta, rajista a hagunta, ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, wannan marar lafiyar taka ai ta fi masu lafiya zuwa aiki. Ranar da likita ya ce tana kan gado, ga ta nan ƙarfe takwas daidai." Ta ce ɗaya daga cikin takardun nan ƙarya take yi, kuma kwamitin jami'a ba zai saki tallafin ba sai ya san wacce ce. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Sai ga ki jiya a waya, da muryar da ko kaza ba za ta kora ba, wai in yi shiru, za ki janye buƙatar ki dawo aiki ranar Litinin don kada a kore ni. Ki dawo da wace ƙafar? Ki hau benen nan da wane numfashin? So kike in tsaya ina kallon ganyena yana yaushi, ina riƙe da makulli ina murna? Haba, ruwan sanyina, haba! Me zan buɗe da makullin in babu ke?

Ranar Laraba zan shiga gaban kwamiti da rajistar a hammata, in ce musu hannuna ne, ke kina kwance. Ƙila su ba ni takardar gargaɗi, ƙila su karɓi makullin. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma aiki ana samun wani, ke kuwa ɗaya Allah ya ba ni.

A cikin ambulan ɗin nan akwai sabon fom na neman hutun jinya. Na cike komai, sai layin ƙarshe. Kin san na iya hannunki fiye da nawa, ko ido rufe zan zana jelar kyanwar nan. Amma wannan kam ba zan yi miki ba. Ki karɓi biro a wurin Umma, ki sa da kanki, ki yarda ki huta.

Naki ni kaɗai, da makulli ko babu, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mijinki, mai shayar da wake.