Wayar Ƙararrawa da Shuɗin Salatif

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara nisan kwana. Mu nan da sauƙi. Ciwon ƙafar Inna ya lafa, Auta ta gama jarrabawa. Baba kuwa jikinsa lau, amma sati uku ke nan bai taka ƙofar gida ba. Ka gafarce ni Baffa, in tambaye ka: abinci na wuce maka a maƙogwaro kuwa?

Ka san injin nan mai dogon hannu da muke ɗaga bulo da shi a wurin gini, wanda leburori ke kira Raƙumin Dawa, wanda ka tuƙa shekara biyu kafin ka bar wa Baba kujerar ka tafi. Ran nan foman ya ce a kai bulo hawa na huɗu, a tsallake ramin da aka haƙa a gindin ginin. Baba ya ce nisan ya yi yawa. Foman ya ce tan huɗu aka rubuta a jikin injin, wannan ko biyu bai kai ba. Ni da na koyi karatu a buhun siminti da tsofaffin jaridu, na sha karanta allon da ke manne kusa da sitiyari: tan huɗun nan sai hannu na naɗe, in aka miƙe shi har ƙarshe ko ɗaya ba ya ɗauka. Na faɗa. Foman ya kira ni Shehin Malami, ya ce in koma kan shebur ɗina. Baba ya ce in kwantar da hankali, in nauyi ya yi yawa ƙararrawa za ta yi kuka. Ba ta yi ba, Baffa. Tayoyin baya suka tashi sama, bulo ya zube kan Dogo magini. An yanke masa ƙafar hagu.

Masu bincike sun buɗe injin, suka tarar an datse wayar ƙararrawar, an naɗe ta da shuɗin salatif, an lanƙwasa bakinsa ciki. Duk wayar da ka taɓa gyarawa a gidanmu haka take, har ta fankar Inna. Baba ya kalla, ya sunkuyar da kai, ya ce musu bai san wanda ya yi ba. Suka ce ai shi ne direba, suka karɓe lasisinsa. Foman na nan yana hura hanci, ya samu sabon direba. Baba kuma ya ce in na ambaci sunanka, kai ƙaninsa, bai yafe mini ba. To na yi shiru, shirun yana cina.

Kwamitin bincike zai zauna kan maganar ranar Laraba ta sama. Ba na sa rai za a wanke Baba. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ni dai na ga wanda ya haɗiye mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙi ko akuya bai taɓa bugewa ba. Amma kai ka koya mini cewa zumunta a ƙafa take.

Ka gaishe da Gwaggo, da 'yan biyu, da Yaya Babba. Inna na gaishe ka, ba ta san na rubuto ba. Kada ka kira Baba ka yi masa kuka a waya. Ka zo ranar Laraba, ka tsaya gaban kwamiti, gaban Dogo da sandarsa, ka faɗa da bakinka: wa ya datse wayar nan, kuma wa ya sa shi?

Ɗanka da kake kira Bakin Reza.