Tuwon Juma'a a Ɗakin Gwaggo Kande

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa bayinsa. Mu nan Zuru lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa rijiyar bayan gida ta ja baya. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa da rediyonsa. Wannan ne Azumin farko na kafin Ista da muke yi babu ke, ga shi har mun shiga mako na huɗu. Na san wasu za su karanta wasiƙar nan, kuma ina so su karanta, domin sunanki na ɓata a gabansu.

Tambaya ce ta kawo ni, Mama. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?

Kin tuna shekarar da Baba ya bar aikin soja muka tattaro daga bariki muka dawo gida? Ina da shekara goma sha shida, ina ajin katikis na koyon addini a coci, kaina cike da dokoki. Ranar Larabar Toka, farkon Azumi da ake shafa mana toka a coci, ba na wanke goshi sai tokar ta gaji ta kakkaɓe da kanta, don kowa a kasuwa ya gani. Ku 'yan zumuntar mata kun yi alkawarin kame baki kowace Juma'a daga safe har faɗuwar rana, kuma ke ce mai jan waƙa a addu'ar Hanyar Gicciye. Ni ma na bi sahu, ina duba agogo kamar ni aka ba gadinsa.

Sai na lura kowace Juma'a da tsakar rana kina tuƙa tuwon dawa, ki kaɗa miyar kuka har da nama, ki rufe kwano ki nufi gindin dutse wurin Gwaggo Kande, yayar Baba, wadda ba ta taɓa taka coci ba. Kai abincin bai dame ni ba. Daɗewar da kike yi ce ta tsaya mini a rai. Ran nan na bi bayanki, na leƙa ta ɓular zana. Na gan ki zaune a tabarma, hannunki da nata cikin kwano ɗaya, kina kai loma. Har tsokar nama na ga kin gutsura, kin miƙa mata sauran.

Da kika dawo na tare ki a bakin madafa, na gaya miki abin da na gani. Ba ki musa ba. Kika ce, "Kin gani daidai, ɗiyata. Allah ma ya gani." Kika ɗauki tulu kika tafi ɗiban ruwa.

Ni kuwa na kai ƙararki wurin shugabar zumunta. A lokacin ji nake na yi wa Allah aiki. Juma'ar da ta biyo baya wata ce ta ja waƙa, ke kina layin baya kina amsawa. Har kika bar duniya ba ki sake jan waƙar ba, ba ki kuma tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Ni kuma na ajiye ki a raina a matsayin mace mai kirki wadda cikinta ya fi ƙarfinta. Haka na yi tunani, Mama, har a bakin kabarinki.

Bana da aka dawo da ni Zuru daga makarantar da nake koyarwa a Ribah, daidai farkon Azumi, aka ce mini Juma'arki ta faɗo kaina. Ashe matan gidanmu sun raba kwanakin mako tsakaninsu don ciyar da Gwaggo. Na tuƙa tuwo na kai. Ta nuna mini tabarma da ruwan wanke hannu, na ce mata ina azumi, na ajiye kwano na fito. Da yamma na koma na tarar da tuwon yadda na bar shi, har ya fara tsami. Mako na biyu ma haka. Na ce taurin kai ne irin na dangin Baba, kin dai san su.

Washegari Mama Saratu, matar ƙanen Baba, ta tsinci Gwaggo kwance a bakin ƙofa, ko tashi ba ta iyawa. Daga can sai Mama Saratu ta yo gidanmu kai tsaye, ta zaunar da ni.

Ta ce tun kafin a haife ni ɗan Gwaggo tilo ya ci abinci a wurin gayya, ya dawo yana riƙe da ciki, bai kwana ba. Tun daga ranar ba ta sa komai a baki sai wanda ya kawo ya ci tare da ita a kwano ɗaya, ta ga lomar ta wuce maƙogwaro. Idonta kuma ya yi rauni, sai rana ta take sosai take gani, shi ya sa ba a iya kai mata bayan an sha ruwa. Sau ɗaya take ci a yini. Dangi suka rufe maganar don kada gari ya ce ta taɓu, ko a ce tana zargin 'yan'uwanta da guba. Duk lokacin da Azumi ya zo kowa sai ta guje wa Juma'a, ke kika ce a bar miki ita.

Mama Saratu ta yi kuka. Ta ce tana zaune kusa da ke ranar da aka karɓe miki waƙa, ta yunƙura za ta yi magana, kika ja mata zane kika ce, "Zauna. Ni ina iya ɗauka, ita Kande ba ta iyawa."

Tun ranar nake juya abin a raina, kuma tambayoyi sun fi amsoshi yawa. Wane irin ɗanɗano tuwon nan yake yi a bakinki? Kina addu'a ne kina haɗiya, ko hira kawai kuke yi? Kin taɓa jin tsoron ko Allah zai ɗauke shi a matsayin karya alkawari? Ni a wurina azumi ciki ne da agogo, wanda ya fi daɗewa bai ci ba shi ya yi nasara. To ga ki nan, kin ci kin ƙoshi, amma abin da kika bari ya fi tuwo tsada. Kin bar waƙar da kike ƙauna, kin bar mutuncinki a idon mata, har da na idon 'yarki. Ni me na taɓa bari? Yunwar yini ɗaya, wadda nake ramawa da kwano biyu da yamma.

Akwai abin da har yanzu ban gane ba. Da kin ja ni gefe kin raɗa mini, da na yi shiru. Ko kuwa kin san ba zan yi shirun ba? Idan na tuna bakina a shekarun nan, ina jin kin fi ni sanin kaina.

Juma'ar da ta wuce na koma. Na zauna, na wanke hannu, na gutsuri tuwo. Lomar farko ta ƙi wucewa, Mama, kamar na haɗiyi tsakuwa. Gwaggo ta matso da fuskarta dab da wuyana tana kallo, har ina jin numfashinta. Da ta ga ta wuce sai ta sa hannu. Ta ci kamar yarinya, ta suɗe yatsu, ta sha ruwa. Ban taɓa jin kusanci da Ubangiji a cikin Azumi irin na wannan tsakar ranar ba, ga shi kuma bakina duk miya.

Da muka gama na gaya mata abin da na yi miki. Ashe ba ta sani ba. Duk shekarun nan kina zuwa kina dariya da ita, ba ki bari ta ji ba. Can ta ce mini da yarenmu, "Je ki gaya musu duka. Na tsufa da jin kunya. A mayar wa uwarki sunanta."

Da izininta ke nan na rubuta. Ran Lahadi bayan sujada zan tsaya a gaban zumunta in karanta, kuma ban san ko muryata za ta kai ƙarshe ba.

Ki gafarta mini, Mamata. Na yi kewarki ƙwarai.

Ubangiji ya ba ki madawwamin hutu, ya haskaka miki da haskensa. Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya cire mata tsoro. Ni kuma ya koya mini irin azuminki, ko da kaɗan ne. Amin.

Taki har kullum,
'yarki Rifkatu