Mashin Tudun Kastri

Atina, 3 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka?

Bayan haka, mun gama auna kan mashin yaƙin da ka tono a tudun Kastri. Baba, tagullar ba ta kai shekara talatin da ƙerawa ba. Ba na sarkin cikin waƙa da kake nema ba ne. Ka san ra'ayina tun tuni: waƙar yaƙin nan ta mutanen da, baki ya yi ta miƙa wa baki ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta ta, kowane mawaƙi da nasa ƙarin. Tana da daɗi, amma ba shaida ba ce. Don Allah ka fasa bikin buɗe ɗakin tarihin.

'Yarka,
Evanthia

Kastri, 11 ga Maris

Zuwa ga Dakta Evanthia,

Ina gaishe ki daidai matsayinki. Ƙafata lau, da ita na shekara arba'in ina hawan tudun nan.

Waƙar ta ce tsibiri mai duwatsu, mai rijiya biyu. Zo ki ƙirga namu. Na karanta wa jama'a takardarki a shagon kofi, har Lefteris maƙeri ya ƙware don dariya. Fada, limamin cocinmu, ya ce, "Malam, abin da ka sayar da gonar zaitun ta koyo ke nan?" A cinyata kika haddace baitocin nan, ashe aku na raina.

Biki na nan ranar Lahadi. Kada ki zo. Gara da uwarki ta mutu ba ta ga wannan ba.

Ki huta lafiya,
Kleanthis, tsohon malami

Atina, 15 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Tunda ka sako Mama, to ji.

Ita ta sa Lefteris ya ƙera mashin, ta ba shi man zaitun tulu biyu. Wata uku tana jiƙa shi a ruwan tsami har ya yi kore, sannan ta binne inda kake haƙa. A gadon asibiti ta faɗa min, ranar da kake can tudu. Ta ce, "Na ɗauka in ya samu wani abu zai dawo gida. Sai ma ya tare can."

Rabin ƙauyen sun sani. Tambayi Lefteris wa yake yi wa dariya.

A ci biki lafiya,
Evanthia

Kastri, 24 ga Maris

Evanthia,

Gaisuwa. Na tambaye shi, bai musa ba. An fasa biki.

Jiya na sa an fitar da ƙasusuwan uwarki daga kabarin gidanmu, in na mutu ba zan kwanta kusa da ita ba. Suna cikin akwati a bayan coci. Fada ya ce zai ajiye miki su zuwa ƙarshen wata. Jirgin ruwa na zuwa Talata da Juma'a.

Sai wata rana,
Kleanthis