Akuyar Mukhtar a Gidan Huseina

Zuwa ga jikana, angona Mukhtar, a Madani.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda kai ne mai cika bakin ba a kā da kai: mai dabba ba ya gari, dabba ba ta da aljihu, wadda aka yi wa ɓarna ba ta da madadin abin da ta rasa. Wa zai biya?

Assalamu alaikum. Ina kwananka, ina gajiya, yaya jiki, yaya aikin gyaran raksha, keken nan mai ƙafa uku? Mu nan hilla, ƙauyenmu, lafiya lau, sai gwiwata da ke ba ni labarin ruwa tun hadari bai haɗu ba. Na ba direban motar Damazin wannan takarda ya kai shagonku, don wayarka ta daina shiga tun shekarar da yaƙi ya shigo Madani. Na ce ko kishiya ka yi mini a can kake jin kunya.

Malak ɗinka ta jawo mana magana. Akuyar da ka shayar da kwalba, ka koya mata shan shayi da kwana ƙarƙashin angareb, gadona na igiya, ka hana a sa mata igiya. Ranar Talata maƙwabciyarmu Huseina ta fito da zangarkun dawarta na iri ta shanya a tabarma, ta shiga sallar azahar. Ka san irin nan, mai saurin nuna, wanda uwarta ta bar mata, wanda take shukawa a jubraka, 'yar gonar bayan ɗaki, ta ci da jikokinta marayu kafin amfanin gona ya iso. Ko da ta sallame, sai ta tarar da Malak tsaye kan tabarma tana gyatsa. Ba ta bar ko abin da kaza za ta tsattsaga ba.

Cikin 'yar banzar ya kumbura kamar ganga. Huseina tana kuka tana ɗura mata man riɗi don kada ta mutu, ni ina riƙe da ƙahoni, muna zagin juna.

An kai magana gaban shehun hilla, Alhaji Yahya. Ya bi al'adar da muka gada: dabbar da ta yi ɓarna a ɗaure ta gidan wanda ta yi wa, har mai ita ya zo da ƙafarsa ya ba da haƙuri ya fanshe ta. Ya tambayi ko ta wace ce. Na ce ta Mukhtar ce, ni ajiya aka ba ni. Yanzu tana ɗaure a gindin dalbejiyar Huseina, tana kuka kamar an yi mata sata.

Amsar kacici-kacicin ni ma ban san ta ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Ka zo ka faɗa mini.

Ka gaida mai shagonku. Taka, matar da ka bari ba cefane,
Habbobarka, kakarka Sabuwa.

Zuwa ga Mukhtar, mai kunnen ƙashi.

Bayan sallama da tambayar lafiyarka, da fatan kana ci kana ƙoshi. Direba ya ce ya bar takardata wurin wata mai shayi kusa da kasuwa, don bai ga kowa a shagon ba. Na ce masa ko gyara kuka fita.

Hilla ta rabu biyu a kan akuyarka. Najwa, surukar Huseina, tana bin gidaje tana cewa wanda ke ba dabba dusa shi ne mai ita, ni in biya. Baffanka Lukman ya ce dangar Huseina ce ke da ɓula, wanda bai toshe ɓularsa ba ya kuka da kansa. Har matan bakin rijiya sun zama alƙalai. Ni da Huseina kuwa, da muka shekara hamsin muna shan gahawar jabana a tabarma ɗaya, yanzu gaisuwa ta bayan danga muke yi, ita ma a taƙaice.

Na aika mata da kwanon dawata, ta mayar. Ba raini ba ne, na sani. Tawa ta babbar gona ce, sai sanyi ya shigo take nuna, yaran kuwa tsakiyar damina yunwa ke kama su. An nemi irin nata har Sinja ba a samu ba. Gida biyu ne ke da shi a da, duk sun cinye nasu shekarar da hanya ta toshe.

Jiya Lukman ya zo ya zauna bakin ƙofata, ya daɗe yana wasa da carbi. Ya ce liman ya faɗa masa akwai hanya. In mai dabba ba ya duniya, magadansa su tsaya a madadinsa: a kwance ta, a sayar, a ba Huseina abin da za ta sayi hatsi. Abin da ake nema kawai, ni da na rene ka tun rasuwar iyayenka in tsaya gaban Alhaji Yahya in ce Malak ta zama tamu.

Ka ji fa, angona. Wai in buɗe bakin nan nawa in ce na gaje ka.

Na ce masa ya tashi kafin in nemo muciya. Bai yi fushi ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ya share ido kawai ya ce zai je Madani da kansa.

Ba ni da ƙafar zuwa neman ka, ba ni da irin da zan mayar wa Huseina, ba ni da bakin faɗin abin da suke so. Ina zaune ina jin kukan akuya ta bayan danga. In ba ka da kuɗin mota, ka aiko ko da saƙon baki ne, ko da zagi ne. Ka ce tsohuwar nan ta cika surutu, ya ishe ni.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa.
Sabuwa.

Zuwa ga Mukhtar ɗan Abdussalami.

Assalamu alaikum. Ina fatan duk inda wannan takarda ta same ka, inuwa ce da ruwan sanyi. An yi ruwan shuka, gwiwata ba ta yi ƙarya ba.

Lukman ya dawo. Ya ce shagon ba ƙofa, mai shagon ya koma Kasala, kuma cikin waɗanda ya tambaya wani ya ce an gan ka ka nufi kudu, wani ya ce bai san ka ba. Na ce masa to, ba wanda ya ce ya ga kabari. 

Ranar Juma'a bayan la'asar Alhaji Yahya ya sake tara mu. Ya gaji, mu ma mun gaji. Ya roƙi Huseina ta yafe don Allah, a kwance dabba a mayar gidanmu, magana ta mutu. Kowa ya san abin da zai biyo baya: da ta shigo gida Lukman zai kai ta kasuwa, don shi ke ciyar da ni kuma ba shi da abin ba akuya. Na sunkuyar da kai. A zuciyata na riga na ga turken ba kowa, na ga ranar da za a daina kiran sunanka a hillar nan.

Sai Huseina ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ba ta yafe ba. Ta ce ba za ta karɓi ko ƙwaya daga hannuna ko hannun Lukman ba, ba mu muka yi mata laifi ba. Mai akuya sunansa Mukhtar, shi take jira, ya zo ya durƙusa a gabanta ya ji abin da ta tanadar masa. Ta faɗi sunanka da ƙarfi har na bayan masallaci suka ji. Alhaji ya ce haƙƙinta ne, ba mai tilasta mata.

Yanzu ana ce da ita mai busasshiyar zuciya. Najwa ta daina yi mata magana. Huseina ta shuka masarar da ta roƙo a jubraka, ba ta kai rabin wurin ba, kuma na ga ƙaramin jikan nata ya fara ramewa. Ina ba su abin da na rage daga tuwona ta ɓular dangar, wadda har yau ba wanda ya toshe.

Washegarin zaman nan da hantsi Huseina ta shigo da butar jabana da kofi biyu, ta zauna ba sallama. Ba mu ambaci sunanka ba. Ta ce dai akuyar nan ba ta cin dusa sai an jiƙa mata da sauran shayi, wane irin ɗan banza ne ya lalata dabba haka. Na ce jikana ne, kuma ya fi nata kyau. Muka shanye jabanar.

Ba na iya biyan ta, Mukhtar, kuma ba na iya ce mata ta daina.

Ina gaishe ka, ina jiran ka. Amsar kuwa na same ta, tunda ka ƙi zuwa ka faɗa: Huseina ce ke biya, safe da yamma, da dusa da sauran shayi.

Habbobarka,
Sabuwa.