Daron Inna da Farantin Unguwa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da baƙuwar da Allah ya kawo mana. Barka da arziki, Allah ya raya. Ni tela ne, ɗinki sana'ata ce, amma da na ji an yanka ki an ɗinke sai da na ajiye allura.

Hoton jaririyar ya iso. Inna ta kai shi bakin taga, ta juya shi sama da ƙasa, sannan ta miƙo min ta ce mai hoton bai iya aiki ba. Mai hoto ba shi da laifi, Auta. Likita ya ce hawan jinin idon nan yana ci gaba, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai yake yi. Abu mai haske sosai ne take iya kamawa yanzu.

To ga labari mai daɗi. Kin san unguwarmu a kwari take, sabis sai mutum ya hau tudu, shi ma murya kaɗai. Wasu 'yan sa-kai sun tashi za su jawo mana intanet kyauta. Shugabarsu Malama ce, mai koyar da kwamfuta a makarantar kan tudu. Ta roƙi hukumar makaranta a bar unguwa ta sha daga layinsu. Akwai Dogo mai gyaran waya, akwai mai walda na bakin kasuwa. Suna kafa wata na'ura mai kama da faranti a saman gidaje, kuma sai faranti ya hango ɗan'uwansa kafin saƙo ya wuce. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya samu ya miƙa wa na gaba, ba a sa kwaɗo.

Da suka auna, sai ga shi saman ɗakin Inna ne tsakiya. Kankaren da Baba ya zuba da niyyar ɗora bene, Allah bai nufa ba, yau ga ranarsa. Daga nan duk gidajen gangare za su samu. Sun wuni a rana suna ɗaure ƙarfe, Inna ta yi ta aika musu ruwan sanyi. Da ta kunce bakin zane za ta ba su na sabulu, Dogo ya ce in ta sake zai sauko da farantin.

Malama ta ce za ta ara mana kwamfutarta mai babbar fuska, don Inna ta gan ku ta kiran bidiyo. Ki shirya ranar hutun maigidanki da yamma, tunda wayarsa ce mai ɗaukar bidiyo. Direban makwabcinmu da zai kai miki wasiƙar nan zai tashi, bari in tsaya nan.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na gode da addu'a, ɗinki yana warkewa, kuma ya fi naka kyau.

Na ga Inna. Tun da aka kawo ni garin nan ban ga fuskarta tana motsi ba sai ranar, kuma bayan kiran ya yanke na yi kuka har maigida ya rasa yadda zai yi da ni. Ka gaishe min da Malama da Dogo da mai walda. Ban san fuskokinsu ba, amma suna cikin addu'ata.

Sai dai raina ya sosu. Kai ma kana wurin, ka ga yadda aka yi. Inna ta tsaya gaisuwa, ta tambayi surukaina ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya rasu bara. Yarinya tana barci fuskarta a bango, na ce in tashe ta, Inna ta ce a'a, ba a tashin jariri. Muna jira sai ta ce hadari ya taso, bari ta kwashe shanya. Ba a jima ba hoto ya daskare da fuskarka baki buɗe, shi ne abin da na yi ta kallo.

Yaya, ka faɗa min gaskiya. Da take min magana ba ni take kallo ba, gefen kafaɗata take kallo. Likita ya hana ni doguwar tafiya sai na yi ƙwari, kuma ka san nisan da ke tsakaninmu. Lokaci nawa ya rage wa idon nan? Kada ka rufe ni da barkwanci, na san halinka.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Kin ce kada in yi barkwanci, to ba zan yi ba. Likita bai yanke lokaci ba, amma ya ce duk abin da take son gani a nuna mata da wuri. Yanzu kamar ta cikin bututu take gani. Cikin gida kam ba ta da matsala, ta haddace kowane lungu, har matattakalar sama tana hawa da hannu a bango, ba ta yarda kowa ya taɓa mata shanya.

Kin ga yadda kira na biyu ya ƙare, kin tafi ɗauko yarinya daga wanka, kafin ki dawo an yanke. Ba mu kaɗai ba ne. Duk ranar da hadari ya haɗu, gangare gaba ɗaya sai ya yi ɗif. Ɗalibai masu cike takardun jarrabawa suna ƙorafi, mai kemis ma haka. In an ɗauke ruwa Dogo ya zo ya hau, sai ya tarar komai lafiya lau, fitilar na'urar tana ƙyaftawa kamar ba ita ba.

Wallahi mutanen nan sun ba ni kunya da haƙurinsu. Sun canja waya, sun canja batir. Mai walda ya sake ɗaure sandar, wai ko iska ce ke kaɗa ta. Dogo ya rufe shagonsa ranar kasuwa saboda mu, kuma kin san mai iyali ne. Malama ta ce a iya karatunta ruwan sama ba ya kashe irin wannan na'ura, amma ga shi tana gani da idonta.

Mun nemi wata dabara. Malama ta sauke ɗan bidiyon da kika tura mata, ta kawo. Inna ta ce ita ba sinima ta ce za ta kalla ba, so take ta kira yarinya ta ga ta waiwayo. Dogo ya ce zai goya ta har makaranta inda intanet ba ya yankewa, tunda mota ba ta hawa hanyar. Ta ce tana da ranta ba za a ɗauke ta kamar buhu a tsakiyar unguwa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. An yi taro, an ce ƙila saman ɗakinmu ne ke da matsala, za a mayar da faranti gidan mai burodi ƙarshen wata. Ba zan ga laifinsu ba, mutane da yawa ne a bayanmu. Amma in aka mayar can, dogon ginin da ke tsakani zai tare mu, gidanmu ba zai samu ba sai an samo wani farantin, kuma ba a san ranar ba. Ban faɗa wa Inna ba. Kullum sai ta tambaye ni ko yaran nan sun ci abinci.

Ki taya mu da addu'a.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama a gurguje, direba yana jira a ƙofa.

Tun da na karanta wasiƙarka nake juya abin a raina. Sau biyu muka yi kira, sau biyu Inna ta ce bari ta kwashe shanya, sau biyu aka yanke. Kuma lokacin ba a fara ruwa ba, don ban ji shi a kwanon barandarku ba. Abin da na ji kafin a yanke, a duka biyun, har na biyun da nake jiyowa daga wajen wanka, ƙarar daro ce. Babban daron ƙarfen nan na wanki, wanda ko a mafarki na san ƙararsa, don ni na fi kowa cuɗa a cikinsa lokacin da kake fakewa da karatu.

Ka tuna Inna. Rediyon Baba da mayafinsa, keken ɗinkinka na farko da rigarsa, har agogon bango sai da ta yi masa hula. Duk abin da take ganin darajarsa rufe shi take yi. Kana tsammanin za ta bar kayan mutanen da suka ƙi karɓar ko na sabulu ruwa yana dukansa?

Na tambayi maigida ko ƙarfe yana tare irin wannan saƙo, ya ce ƙwarai kuwa. In hadari ya taso kada ka zauna a shago, kada kuma ka tambaye ta. Ka bi bayanta ka gani.

In haka ne, don Allah ku bi a hankali. Ka san ta, in ta ji ita ta jawo wa unguwa wahala za ta ce a cire farantin da kanta.

Auta.

*

Zuwa ga Auta, mai kunnen zomo,

Assalamu alaikum. Daga yau na sallama miki, ke ce yayar.

Shekaranjiya hadari ya haɗu, na bar wandon wani a kan keke na ruga na kira Dogo da Malama. Muka hau a hankali. Ga Inna ta gama kwashe kaya, ta lalubi daro, ta ɗaga shi da ƙyar ta kifa a kan faranti, ta kawo tsohon ɗankwali ta ɗaure shi da sandar don kada iska ta ɗauke. Har tana shafa shi. Ashe in ruwa ya ɗauke ita ke fara hawa ta mayar da shanya, ta cire daron, kafin Dogo ya iso. Dogo ya toshe baki da hula, dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a matattakala.

Ta ji motsinmu ta tambaya ko su wane ne. Na so in yi kwana, amma Malama ba ta iya ƙarya ba, ta yi mata bayani a hankali. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, “Ashe ni ce na toshe wa mutane. Yaran nan sun sha rana saboda ni, ba ni da abin ba su, na ce ko kayansu in tsare musu.” Kuma kamar yadda kika faɗa, ta ce a kwance shi a kai inda ba za a ɓata ba.

Malama ta durƙusa ta kama hannunta. Ta ce, “Inna, gidaje da yawa muka sa wa abin nan, babu wanda ya taɓa tunanin ko ruwa yana dukansa sai ke. Faranti ba ya tsoron ruwa. Amma ga wanda ke tsoro.” Ta ɗora hannun Inna a kan akwatin batir da ke gindin sanda, wanda ledarsa ta yayyage, ta ce wannan suke neman mai kula da shi. Ba daɗin baki ba ne, da ma yana cikin abin da ke damunsu. Nan take aka mayar da daro kan akwatin, Dogo ya duba wayarsa ya ce gangare ya dawo. Ana tsuga ruwa muka kira ki.

Sauran kin gani, amma ba ki ga ɓangarenmu ba. Mun rufe taga don hasken kwamfutar ya fito sosai. Ba ki san Dogo da Malama suna tsaye a bakin ƙofa jiƙe sharkaf ba, sun ƙi shigowa wai kada su takura mana. Da kika kawo fuskar yarinya kusa, Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana zagaya kai a hankali, tana bin fuskar kaɗan-kaɗan, goshi, ido, baki. Da ta yi mata tafi yarinya ta waiwayo, na ji hannunta ya damƙe gwiwata. Na waiwaya in yi wa Dogo godiya, na tarar ya juya baya yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

An fasa mayar da faranti. Na rasa abin da zan saka musu da shi, sai na auna su da ido, ina ɗinka musu riguna a ɓoye. In sun ƙi karɓa zan haɗa su da Inna.

Ta ce in ajiye alƙalamin surutu in rubuta nata. Ga shi a ƙasa, yadda ta faɗa.

Yayanki.

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da mutanen gidansu. Allah ya yi muku albarka.

Na ganta. Kunnuwan babanku ne, goshin kuma nawa, Allah ya sa ta fi ni jin magana.

Ki sa yaran nan a addu'a kullum. Mai walda ya yi wa akwati murfi, amma na ce daro ya zauna a sama, ban yarda da murfinsa ba. In hadari ya taso yanzu, makwabta har leƙowa suke suna cewa Inna a bar faranti ya sha iska. Ina jinsu.

Jiya da kika kira, yayanki ya ce kin kunna fitila kusa da fuskarta don in gani. Ki daina, za ki ɓata mata ido. Hasken ma ban gane shi sosai ba. Ba komai, na riga na ganta, na riƙe. Ki dai riƙa kira, ki matso da ita kusa da waya in ji kukanta.

Innarki.